Takardar Ƙosai

Sidi biyar Munkaila ya karɓa a ƙofa,
ya ce, "Goggo Barira, har da ke?"
Na ce har da ni.
Shekara ashirin ina naɗe ƙosai da jarida a bakin titin Aboabo,
ban taɓa ganin fuskar mai rubuta ta ba.

Benci, gumi, fanka mai kukan tsohuwar akuya.
Samarin Asawase sun zo kallon harbi da tseren mota,
sai ga wata 'yar siririya, Afrakoma,
dunduniyar takalminta ta cinye,
tana bin kogin da ya koma launin koko.
Ba bindiga.
Biro, da waya mai tsagaggen gilashi,
da tambaya guda, tana nanata ta kamar mai bin bashi:
"Injinan nan masu cin gaɓar ruwa, na wane ne?"

Ɗan sanda bai sani ba.
Mai gari bai sani ba.
Ministan fim ɗin ya yi murmushi, haƙorin makka ya haska,
ya ce a kawo wa baƙuwa ruwa.
Na roba aka kawo, ba na kogin ba.

Ba wurin guje-guje ne ya kama ni ba.
Daren nan ne, da maigidanta ya turo ambulan kan tebur
yana kallon taga.
Uwarta na kwance asibiti.
Ta buɗe. Ta lashi yatsa. Ta ƙirga kuɗin nan tas,
ni ma leɓena na motsi, muna ƙirgawa tare.
Ta daɗe riƙe da su.
Da ta mayar, hannunta rawa yake,
na ce, yauwa, wannan ta san yunwa,
ba waliyyiyar ƙarya ba ce.

Fitilun mota biyu na binta a hanyar daji,
sai ɗif, aka ɗauke wuta.
Ihu, tsaki, zagi cikin yare uku.
Munkaila na fama da igiyar janareto,
Baba Tanimu a bayana ya ce, "Kashe ta za su yi, na san irinsu."
Ni kuwa a duhun nan na tsinci bakina
yana tofa addu'a ga yarinyar da na san wasa take yi.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai, zan faɗa:
ɗan daban minista da Hausa yake magana,
Hausar ma gurguwa.
In an tashi neman mai wuƙa sai a tuna da Zango,
in an tashi neman mai biro sai a manta hanya.

Labarinta ya fito, shafin farko, manyan baƙaƙe.
Ba a kama kowa ba.
An ɗauke minista daga wannan ofis zuwa wancan,
kogi yana nan, koko ba suga.
Kwana uku, ta tsaya sayen abin kari,
mai tuya ta yagi shafin nan, da sunanta da komai,
ta naɗe mata soyayyar doya.
Ɗakin ya fashe da dariya, duk suka juyo gare ni.
Afrakoma ba ta yi dariya ba.
Ta karɓa, ta biya, ta ciro biro.

Da asuba na hura wuta, na kwance ɗaurin jaridun Kejetiya.
Kafin in yaga, na ce Nasiba, 'yar makaranta,
karanta mini wannan sunan na sama, ƙaramin.
Ta karanta. Na maimaita don ya zauna.
Labarin farashin siminti ne kawai.
Duk da haka wani ya yi tafiya, ya yi tambaya, an kore shi wataƙila.

Na zuba ƙosai biyar masu zafi.
Mai ya ratsa takardar,
na ɗaga ta saitin fitila:
rubutun da ke ɓoye a baya
ya fito.