Awa Bakwai a Ankara

Memuna, in jirginku ya tsaya a Tema,
kar ki bi mai tutar nan da lasifika.
Zai jera ku a bas mai sanyi kamar kifin kanti,
ku ga Ankara ta bayan gilashi.

Fito da ƙafarki.
Wuce direba na fari, wuce na biyu,
na ukun ma, ciniki kafin zama.
Abin da ya faɗa, raba biyu, ki yi dariya.

Nemi ƙananan sidi tun da safe;
yaron mota ba ya da canji, ko yana da shi.
A Makola, jaka a gaba kamar tsohon ciki.
A bakin teku ki yi sallama kafin hoto,
masu ɗinkin komar nan aiki suka fito.

In yunwa ta taɓa ki, sai Nima.
Tambayi Adiza ta bakin kwata:
shinkafa da wake a ganye, yaji kaɗan.
Kaɗan na ce.
Ce mata ke ’yar Tankari ce,
za ta share ido, ta ƙara miki ƙwai.

Amma uku na bugawa, juya.
Hanyar Tema da yamma ba ta san sauri ba.
Na taɓa ɗauko wani Bature da matarsa,
muka iso jirgi ya zama ƙwayar gero a kan ruwa.
Kwana shida suka yi a ɗakina.
Har yau matar na aiko tambaya
yadda ake dama koko.