Talatar Awo

Tashi, Luba, yau Talata.
Na kwashe ruwan kwale-kwale tun asalatu,
na bar taru a tudu ya sha rana.
Kifin Kwara ba yau zai ƙare ba.

Katinki na cikin leda, ledar na aljihun ƙirjina,
kada ruwa ya lashe rubutun Sista Rifkatu.

A cikin fari mun ce kunya,
mun ce ai a ɗaki aka haife mu.
Ƙafarki ta kumbura har takalmi ya ƙi ki,
muka ce nauyin ɗa ne.
Ba na son tuna daren nan.
Ɗan kabarin na bayan tsamiya.

Zauna tsakiya, riƙe gefe.
Ga Yawuri can, kwanon asibiti na ƙyalli.
Za ta ɗaura miki abin nan a damtse,
ya matse, ya saki,
ta buɗe idonki, ta tambayi ƙwayar ƙarin jini.
Kada ki yi mata ƙarya, na ƙirga su jiya,
biyu sun yi saura.

Wancan watan ta kira ni ciki,
ta ɗora kunnena a bakin ƙahon awo.
Na ji shi.
Dif-dif, dif-dif,
filafili na dukan ruwa da sauri,
wani ɗan matuƙi na tahowa daga nesa.

Masunta na cewa na zama ɗan rakiya.
Su faɗa.

Mun iso. Miƙo hannu,
a hankali, lakar nan da santsi.