Tawada a Babban Yatsa

Ina da shekara tara
ranar da Baba ya dawo daga birni
da shuɗin tawada a babban yatsa.
Ya goga da toka, ya goga a bango,
ya ce, "Jingina ce, Iro, damina uku,
gonar Kambarawa za ta dawo."
Damina talatin ke nan.
Gero na fita a can, ba ya zuwa rumbunmu.

Yau ga ni da furfura a gemu
a benci na uku, cikin ajin aro
bayan Ƙofar Ƙwaya.
Yara ke da shi da safe, mu bayan la'asar.
Gwiwata ta ƙi shiga ƙarƙashin tebur.
Mu goma sha bakwai ne:
Lanti mai ƙosai, Mati direba,
wani tsohon gandiroba da ba ya dariya,
da ni, mai gyaran rediyo
da waya ta kashe wa kasuwa.

Barista Zulai ta fara da rage mana tsawo.
"Ku ba lauyoyi ba ne, mataimaka ne,
'yan rakiya zuwa bakin kotu.
Mai neman baƙar riga da hular gashi, ga ƙofa."
Mati ya ja tsaki ƙasa-ƙasa,
shi da ya riga ya sa 'yan tasha
suna ce masa Barista.

Ta rubuta a allo: Saurara.
Mako guda muka yi kan kalmar nan.
Ashe mai kuka daga inda ya fi zafi yake farawa,
kai ne za ka bi zaren
har ka samo bakinsa:
wace rana, gaban wa, nawa ne,
wa ya gani, wa ya ji an ce.

Beli kyauta ne, in ji littafi.
Lanti ta ce, "A wane gari?
Awakina biyu suka tafi a kan ɗana."
Aji ya fashe. Barista ta jira muka gama.
Ta ce, "Shi ya sa kike nan.
Gobe ki zo da biro mai kyau."

Mun koyi cike takardar rantsuwa,
da wasiƙar koke wadda babu zagi a ciki,
da sanin ranar da tabarmar mai unguwa
ta fi shekara biyu ana ɗage zama.
Rabon gado ya ba ni ciwon kai,
tumuni nan, sudusi can,
ni da nake taƙamar lissafi.

Daren Laraba na buɗe adakar Inna.
Ƙarƙashin zannuwa, cikin leda,
ga takardar, ta yi launin shayi.
Na bi ta da tocila, baƙi bayan baƙi.
Jingina ba ta fito ko sau ɗaya ba.
Sayarwa, har abada,
shaidu biyu, duka sun kwanta dama.
Can ƙasa ga yatsan Baba,
zanensa kamar kunyoyin gona.

Na kai wa Barista. Ta daɗe tana dubawa.
"Malam Iro, an makara ƙwarai.
Da zan ce maka akwai hanya,
da na ɗora ka a keken ɓera."
Na rubuta wannan ma a littafina,
hannuna yana rawa.

Jiya wani tsohon maƙeri ya tsaya bakin shagona,
takarda a hannu, kan batun rumfarsa.
Mai takarda na cikin mota, bai kashe inji ba,
ya buɗe gwangwanin tawada yana miƙowa ta taga.
Na ce, "Baba, sa hannunka a aljihu.
Zauna, ga ruwa.
Zan karanta maka da Hausa, layi-layi.
In mota ta gaji, ta tafi."

Saura mako uku a ba mu satifiket.
Na dai sayi biro biyu.