Inda Kwalta Ta Gaji

Shekara goma sha tara ina haya a Tudun Wada,
ko ƙusa ban kafa ba sai da izini.
Tsawon 'ya'yana a ƙofar wani na riƙa zana shi,
ranar da mai gida ya yi fenti
ya shafe min yarintarsu gaba ɗaya.

Na kwashi adashe, na sayar da gonar gado,
Lantana ta cire 'yan kunnenta ta ɗora a kan kuɗin,
ba ta ce komai ba.
Na ƙirga sau uku. Ba su haihu ba.

Sallau dillali ya goya ni a babur,
hularsa ta sha guga, harshensa ya sha mai.
Muka fara da Hanwa, don ido ma yana da hakki.
Ya faɗi kuɗin, na yi dariya,
har mai gadi ya leƙo ya ga wa ya zautu.

A Gyallesu, ɗaki uku da rijiya,
magada tara: bakwai sun yarda,
ɗaya yana Legas,
ɗaya ba ya gaisawa da sauran.
A Samaru aka ce, Malam, nan ɗalibai ake gina wa,
ɗaki kamar gidan ashana, duk shekara sai ya kawo.
Wa ke sayar da akuya mai ciki?
Cikin ganuwa kuwa ba a saye,
sai dai kakanka ya riga ka kwana a can.

Kusa da Kubanni na ga mai sauƙi,
shuɗin fenti har yana ƙamshi,
zuciyata ta riga ni shiga ta shimfiɗa tabarma.
Wata tsohuwa mai tuyar awara ta kira ni da ido,
ta ɗaga ludayi ta nuna katangar maƙwabci,
wani zane daidai ƙirjina:
nan ruwa ya kwana bara.
Na sayi awarar ɗari biyu, na biya ta dubu.
Sallau bai ci ba.

Kullum sai mu ƙara nisa.
Ashe garin nan tukunya ce, naman yana tsakiya,
irinmu gefe muke bi da ɗan tuwonmu.
Na koyi tambaya kafin sallama:
rijiyar nan tana kai Afrilu?
Takardar da sunan wa?
Mai unguwa ya sani, ko shi ma labari zai ji?
In dare ya yi, ciwo ya tashi, wa zai kai mu asibiti?

Ranar wata Asabar muka haye Galma,
bayan Dakace muka bar titi,
muka bi turɓaya tsakanin karan masara.
Ga shi nan: ɗaki biyu, ba silin, ba filasta,
falwaya a tsaye tana jiran waya
kamar yadda nake jiran ƙarin girma.
Darbejiya guda a tsakar gida, ita kaɗai aka gama.
Maƙwabci, Jatau mai buga bulo, ya miƙo min ruwa a moɗa,
ya ce, da na zo nan, ni da kurciya ne kawai.

Na yi lissafi a bayan takardar jarrabawa:
mota biyu zuwa makaranta, biyu dawowa,
tashi kafin kiran farko.
Araha ba ta ado, na sani.
Amma adon haya na mai gida ne.

Muka tare a akori-kura, kafin ruwan fari.
Lantana tana neman inda murhu zai zauna,
ni kuma na ɗauko gawayi,
na ce kowa ya tsaya jikin ƙofa.
Hansatu ta yi ɗage, tana satar tsawo.
Da aka zo kan Ashiru
sai da na taka bulon Jatau
kafin hannuna ya kai.