Motar Darak

A kan jirage biyu da aka haɗa da igiya
aka haye da ita daga Balanguwa,
shekarar da tafki ya ja da baya
har muka shuka masara inda kakana ke jefa koma.
Tun daga ranar ba ta sake taka kwalta ba.

Dala ashirin, in ji Ɗanliti yaron mota,
ko ka sauka wajen masu banda,
ko ka zagayo ka dawo inda ka hau.
Ba ta da tasha.
Ɗaga hannu kawai, ko ka kira sunan direba.

Barma ba ya gudu. Ina za shi?
Duk inda ya miƙe hanya
ruwa ke tare shi ya ce masa juya.
Shi da ya yi shekara tara yana jan tirela
tsakanin Kusiri da Garwa,
yau giyarsa ta huɗu ta yi tsatsa don rashin shiga.

Falmata ta hau da kwandon karfasa,
ruwan kifin na bin ƙasan kujeru yana neman takalmina.
Wani dattijo ya rungume injin jirginsa
kamar jinjiri mai zazzaɓi,
zai kai shi wurin bakanike a ɗaya gefen.
Jandarma ya shiga gaba, bai taɓa aljihu ba,
Ɗanliti ya ɗauke kai yana kallon belbela.
Ana ciniki da Larabcin Shuwa,
ana faɗa da Barbarci,
in abin ya yi zafi a ba da haƙuri da Hausa.

A kwanar rumbun gishiri ta kafe cikin yashi.
Kowa ya sauka ba a roƙe shi ba.
Muka tura motar da muka biya ta ɗauke mu,
Falmata na dariya har ɗankwalinta ya zame.

Ni ba inda za ni.
Tagar hagu nake so, bayan masallacin kara,
daidai inda ciyawa ke buɗewa a ga ruwa fetal
har ɓangaren Cadi.
Ta nan ƙanena Tijjani ya tuƙa, damina uku ke nan,
ya ce a ajiye masa tuwo.
Barma ya sani. Yakan ɗan sassauta a wurin,
ya yi kamar rami ya gani.

Kaka na zuwa, ruwa zai dawo karɓar bashinsa,
ya ci hanyar nan taku-taku,
zagayen ya ragu, kuɗin bai ragu ba,
har a kai ta tudu a sa mata duwatsu,
kaji su yi ƙwai ƙarƙashin sitiyari.

Kafin nan, Ɗanliti, ungo wata ashirin ɗin.
Kada ka tambaye ni. Mu sake zagayowa.