Ɗan Aure

Shekara ashirin da shida ina aurar da mangwaro
a bayan Aboabo, gefen rafin da ya koma kwata.
In yanko reshe daga uwa mai zaƙi,
in tsaga kututturen da bai san shi ba,
in cusa, in naɗe da leda, in juya baya.
Ban taɓa tambayar reshe ko da zafi ba.

Wata Talata tsani ya ci amanata.
Gwiwa ta ce ɓas, kamar tsirkiya,
ƙafa ta zama ta aro.

A asibitin Gee, likita Agyeiwaa
ta zana mini a bayan takardar magani:
za ta ɗebo jijiya daga bayan cinyata,
ta huda ƙashi, ta zura, ta ƙulle.
Ta ce, ɗinki ba wuya, Baba Mumuni,
wuyar ita ce ƙashi ya karɓi baƙuwa.
Shi dutse, ita igiya,
ba yarensu ɗaya ba.

Na yi dariya har gwiwa ta tsawata mini.
Na ce, 'yata, sana'ata kike karanta mini.

Suka ɗibi jinina kwalba biyu,
suka ba injin da ya fi fanka hajijiya.
Ja ya kwanta ƙasa,
wani ruwa ya taso, launin abarba.
Ta ce a cikinsa akwai 'yan aike
da ido ba ya kamawa,
su ke bin ƙwayoyin jiki ƙofa ƙofa:
ku tashi, ku tsiro, ku riƙe juna.
Shi za ta zuba a bakin ramin.
Amma ba alkawari, in ji ta,
wani ya kama da wuri, wani ya yi nawa,
mu ma koyo muke.
A nan ta shiga raina.
Mai lambun gaske ba ya rantsuwa a kan reshe.

Yau mako bakwai.
Memuna ta ajiye koko, ya huce ban sha ba.
A titi yaron trotro yana ta kiran Kejetia, Kejetia,
kowa da inda ƙafarsa za ta kai shi.
Da dare nakan kasa kunne ga gwiwata.
Akwai wani ƙaiƙayi can ciki
inda farce ba ya zuwa,
ban sani ba gaisuwa suke ko gardama.
Na dai san wanda ya kwance leda da wuri
iska ya yi wa aiki.

Jiya jikana Inusa ya dawo daga lambu.
Cikin arba'in da na ɗaura kafin faɗuwa
talatin da ɗaya sun yi toho.
Tara sun bushe a tsaye, da ledarsu.

Ban ce komai ba.
Na jawo sanda, na sauke ƙafa ƙasa,
rabin nauyi kawai,
kamar mai sallama a ƙofar gida
yana jiran a amsa daga ciki.