Lomar Babana

Babana Karsang ɗan dako ne.
Shekara talatin da ɗaya yana hawan Langtang,
igiya a goshi, kwando a gadon baya,
kayan baƙi, tukwanen baƙi,
wata rana har baƙon da kansa
in ƙafarsa ta ƙi.

Kafin gari ya waye a Syabrubesi
zai zauna gaban shinkafa tuli guda, miyar wake a gefe,
ya ce da ni: Tauna, kar ki haɗiye.
Tauna har ta yi zaƙi.
Na tauna. Ta yi zaƙi.
Na ɗauka wani asiri ne nasa.

Sai da na shiga makarantar jinya a Kathmandu
malama ta zana sarƙa a allo.
Ta ce sitaci ke nan,
sukari riƙe da hannun sukari, layi har bayan gari,
yawu ne ke fara tsinka shi tun a baki.
Na yi dariya ni kaɗai a aji.

Daga nan loma ta gangara.
Ciki ya tarbe ta da tsami mai ƙuna,
amma ba shinkafar ce a gabansa ba,
waken yake warwarewa kamar tsohuwar igiya.
Ƙaramin hanji shi ne mai haƙurin gidan:
yanka nan, yanka can,
har kowace ƙwayar sukari ta tsaya ita kaɗai,
ta ratsa bango, ta faɗa jini.
Man shanun da ya kurɓa a shayi kuwa
sai matsarmama ta zubo ɗacinta
ta fasa shi ɗigo-ɗigo.

Hanta ce mai rumbu.
Ta ɗebi nata ta ƙulle,
ta san rana za ta yi tsaka a kan dutse
inda babu murhu, babu mai sayar da komai.
A can take buɗe ƙofa,
ta auna masa kaɗan-kaɗan.

Wutar da ke cikin cinyarsa ba ta da harshe.
Numfashin da yake ja da ƙyar shi ke hura ta.
Gona guda ta shiga bakinsa,
ta fito gumi,
ta fito tururi cikin sanyin Kyanjin,
ta fito taku, da taku, da wani takun.

Bara gwiwarsa ta ce ya isa.
Ya sauko wurina, ɗaki ɗaya a bene na uku.
Tulin shinkafa bai ragu ba,
dutsen ne babu.

Ƙishirwa ta fara tashinsa da dare.
Sau huɗu, sau biyar ina jin ƙofar bayi.
Na soki ɗan yatsansa,
fatar ta yi kauri sai da na sake.
Lambar da na gani ban faɗa masa ba.

Na dai ce: Baba, akwai ɗan aike a jini, insulin,
shi ke ƙwanƙwasa wa sukari ƙofar tsoka.
Naka yana ƙwanƙwasawa, masu gida sun yi nauyin ji.
Sukarin na ta gantali a hanya,
dako ba mai karɓa.

Ya yi shiru.
Ya ce: Wannan na san shi.

Yanzu da ƙaramin kofi nake auna masa.
Ganye ya fi yawa, wake ya bi baya.
Yakan dubi farantin
kamar wanda aka biya rabin lada.

Da yamma muna fita,
shi da sanda, ni da jakar magani,
mu zaga unguwa sau uku, in ya ji daɗi huɗu.
A hawan bene yana riga ni, har yau.

Jiya na ga ya riƙe loma ɗaya a baki,
ya daɗe bai haɗiye ba.
Na ce: Lafiya?
Ya ɗaga min hannu.
Jira yake ta yi zaƙi.